MAGANAƊISU, ƘWAƘWALWA DA ZAFIN CIWO

Jawabin wayar da kan jama'a da aka yi a Kumbashi, ƙasar Kontagora, Jihar Neja

 

Abin da ya kawo ni gabanku yau shi ne maganar zafin ciwo. Da wuya a sami gida a cikin garin nan wanda babu mai kwana da zogi a cikinsa, ko dai tsoho mai ciwon baya, ko tsohuwa mai ƙunar tafin ƙafa, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko saurayin da ya faɗi a kan babur. Mai irin wannan ciwo kuwa idan ya shiga kasuwa ya kan tarar da mutum biyu suna jiransa. Ɗaya yana sayar da ƙwaya, ɗaya kuma yana sayar da zobe ko munduwa mai maganaɗisu, yana cewa ai ko Turawa ma da maganaɗisu su ke maganin ciwo yanzu. To, a cikin maganar mai zoben nan akwai ɗan ƙanshin gaskiya, wannan ne ma ya sa ta ke da haɗari. Lalle akwai wata na'ura a manyan asibitocin duniya wadda ta ke aiki da ƙarfin maganaɗisu a kan ƙwaƙwalwa, tana rage wa waɗansu marasa lafiya zafi. Nufina shi ne in bayyana muku yadda ta ke aiki, da iyakar abin da ta ke iya yi, domin kowa ya iya rarrabe ta da kayan kasuwa, ya kuma san inda zai nufa da ciwonsa.

AMFANIN JIN ZAFI

Da farko dai kada mu ɗauki jin zafi a kan abokin gaba. Hausawa sun ce jiki magayi, jin zafi kuwa shi ne harshen da jiki ya ke magana da shi. Idan ƙaya ta soki ƙafar manomi, zafin ne ke sa ya tsaya ya cire ta kafin wurin ya ruɓe. Wanda ya ke son ya ga abin da rashin jin zafi ke jawowa, sai ya dubi cutar kuturta. Mutane da yawa suna tsammani cutar ce da kanta ta ke cinye yatsu. Abin da ya fi yawa shi ne ta kan kashe jijiyoyin da ke ɗauko ji daga hannu da ƙafa, sai mutum ya ɗauki tukunya mai zafi ko ya taka ƙusa bai sani ba, rauni ya yi ta hawa kan rauni har yatsun su lalace. Saboda haka likita ba ya neman ya kashe jin zafi ɗungum. Abin da ya ke yaƙi da shi shi ne zafin da ya gama isar da saƙonsa amma ya ƙi tafiya.

HANYAR DA ZAFI YA KE BI

A cikin fata da nama da gaɓoɓi akwai ƙananan jijiyoyi masu ɗaukar saƙo, waɗanda ba na jini ba ne. Idan aka yanke ko aka ƙone, su ne ke aika labari da ɗan ƙaramin ƙarfin lantarki zuwa ga laka, watau farar igiyar nan da ke cikin ƙashin baya, laka kuma ta miƙa shi sama zuwa ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin nan iri biyu ne. Akwai masu sauri, waɗanda saƙonsu ya kan yi tafiyar mita 5 zuwa 30 a cikin daƙiƙa ɗaya, akwai kuma masu nawa, waɗanda ba su cika wuce mita 2 ba. Shi ya sa idan mutum ya yi tuntuɓe ya kan fara jin wani zafi mai kaifi nan take, bayan ɗan lokaci kuma sai zogi mai nauyi ya biyo baya.

Abin lura a nan shi ne, har sai saƙon ya isa ƙwaƙwalwa ta fassara shi sa'an nan mutum ya ke jin zafi. Ƙafa ce ta taka ƙaya, amma a cikin kai a ke yanke hukuncin yawan zafin da za a ji. Babbar shaida ita ce ta waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa a asibiti. Da yawa daga cikinsu su kan yi kukan zafi a yatsun da babu su, har mutane su zaci taɓin hankali ne ko aikin iska. Wani likitan Amurka mai suna Silas Weir Mitchell ya yi rubutu a kan wannan a 1871, bayan ya duba sojojin da suka rasa gaɓoɓi a yaƙin basasar ƙasarsu. Ƙafar ta tafi, amma wurinta a cikin ƙwaƙwalwa yana nan, shi ne kuma ya ke ci gaba da ƙara.

ƘOFAR DA KE CIKIN LAKA

Dukanmu mun san cewa ciwo iri ɗaya ba ya yi wa mutum zafi iri ɗaya a kowane lokaci. A ranar gayya, ana kiɗa ana kirari, fartanya ta kan sare manomi a ƙafa bai sani ba sai wani ya nuna masa jini. Saurayin Bafillace a filin sharo ya kan sha bulala yana murmushi, ɗan dambe kuma ba ya sanin hannunsa ya kumbura sai an tashi daga fage. Amma ɗan ƙaramin ciwon haƙori da tsakar dare, sa'ad da mutum ya ke shi kaɗai cikin damuwa, ya kan hana shi barci.

A 1965 waɗansu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo bayanin wannan al'amari. Suka ce a cikin laka akwai wani abu mai kama da ƙofa, wadda saƙon zafi ya ke bi kafin ya hau sama, kuma ana iya buɗe ta sosai ko a sakaya ta. Shafa wurin ciwo yana sakaya ƙofar, shi ya sa uwa ta kan murza goshin yaronta idan ya buge, yaron kuma ya yi shiru. Ƙwaƙwalwa ma da kanta tana aiko da umurni daga sama a rage ko a ƙara. Tsoro da baƙin ciki da rashin barci suna wangale ƙofar, natsuwa da shagala cikin aiki suna tura ta. A 1975 kuma, a garin Abadin na ƙasar Sikotlan, John Hughes da Hans Kosterlitz suka gano cewa ƙwaƙwalwa tana yin nata maganin kashe zafi, mai aiki irin na allurar mofin da a ke yi wa wanda aka yi wa tiyata. Watau kowane ɗayanmu yana yawo da ɗan ɗakin magani a cikin kansa. Tambayar da ta rage wa likitoci ita ce, yaya za a ƙwanƙwasa ƙofar wannan ɗaki daga waje?

CIWON DA YA ƘI TAFIYA

Wannan tambaya ta fi muhimmanci ga masu ciwon da ya daɗe. A wurin likitoci, zafin da ya wuce wata 3 yana nan, ko yana tafiya yana dawowa, ya zama cuta mai zaman kanta. Mafi wuyar magani a cikinsa shi ne wanda ya samo asali daga lalacewar jijiyoyin saƙo su kansu. Mai shi ya kan ce yana jin kamar an zuba masa barkono, ko kamar ana tsira masa allurai, ko kamar wutar lantarki ta ja shi, wani lokaci ko riga ce ta taɓa wurin sai ya yi ƙara. Ana samun irinsa ga masu ciwon sukari da ya daɗe, da waɗanda suka yi kuturta, da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, da waɗanda suka karye a ƙashin baya. Rashin zaman lafiyar da ya addabi wannan yanki namu a shekarun nan ya kuma bar mutane da raunin harsashi da na sara, irin raunin da ya kan tsinke jijiya. A irin wannan hali raunin ya kan warke sarai a ido, amma jijiyar ta yi ta aika saƙon ƙarya, kamar mai gadin da ya ke ta busa usur bayan ɓarawo ya daɗe da tafiya. Ƙwayoyin ciwon jiki na yau da kullum ba su cika yi wa wannan zafi kome ba.

DAGA MINJIRYA ZUWA MAGANAƊISU

Masuntan Kogin Kwara sun san minjirya, kifin nan da ya kan girgiza hannun wanda ya taɓa shi har hannun ya mutu na ɗan lokaci. Abin da ta ke saki lantarki ne. Wajen shekara ta 47 Miladiyya wani likitan Rumawa, Scribonius Largus, ya rubuta cewa a ɗora wa mai matsanancin ciwon kai wani kifin teku mai irin halin minjirya. Ashe tun zamanin da mutane sun lura lantarki yana taɓa jin zafi, sai dai ba su da yadda za su auna shi.

A zamaninmu, wani likitan tiyatar kai a Jafan, Takashi Tsubokawa, ya ba da labari a 1991 cewa ya buɗe ƙoƙon kan waɗansu masu zafin da ya biyo bayan shanyewar ɓarin jiki, ya shimfiɗa 'yar waya a saman sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsin gaɓoɓi, ya riƙa sakin ɗan lantarki, sai zafin ya ragu ga da yawa daga cikinsu. Amma wannan tiyata ce babba, mai tsada da haɗari. Tura lantarki ta fatar kai kuma ba tare da tiyata ba yana da zafi ƙwarai, domin ƙashin kai ba ya barin lantarki ya wuce da sauƙi.

A nan ne maganaɗisu ya shigo. Tun 1831 wani masani a Ingila, Michael Faraday, ya gano cewa idan ƙarfin maganaɗisu yana canzawa kusa da waya, sai lantarki ya gudana a cikin wayar ko da babu abin da ya taɓa ta. Da wannan dabara ce injunan madatsar ruwa ta Kainji da ta Shiroro, a nan jiharmu, su ke ba ƙasa wuta, da ita ce kuma janareta ya ke aiki. Sharaɗin shi ne canzawa. Maganaɗisun da ke zaune wuri ɗaya ba ya haifar da lantarki ko kaɗan. Ina roƙonku ku riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

A 1985, a garin Shefil na Ingila, Anthony Barker da abokan aikinsa suka ƙera na'urar da ta yi amfani da dabarar Faraday a kan mutum. Suka naɗe waya kamar gammo, suka ɗora a kan mutum, suka saki lantarki mai ƙarfi a cikin naɗin na ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ƙarfin maganaɗisun da ya tashi ya ratsa gashi da fata da ƙashi ba tare da wata tangarɗa ba, ya haifar da ɗan lantarki a saman ƙwaƙwalwa, sai ga hannun mutumin ya motsa da kansa, shi kuwa yana zaune a farke bai ji zafi ba. Wannan shi ne a ke kira zaburar da ƙwaƙwalwa da maganaɗisu, likitoci kuma su kan taƙaita sunan da haruffa uku, TMS.

YADDA A KE YIN AIKIN

Marar lafiya ya kan zauna a kujera da tufafinsa. Ba a yi masa allurar barci, ba a aske shi, ba a kuma yanka shi. Ana toshe masa kunne, domin na'urar tana ƙara kamar ana ƙyasta tsakuwa. Naɗin wayar da aka fi amfani da shi kamar gammo biyu ne a jere, siffar lamba 8, domin ƙarfin ya taru a wuri ɗaya. Ƙarfin nan ya ninka na maganaɗisun duniya, wanda ke juya allurar kamfas, sau dubbai masu yawa, amma ba ya shiga cikin kai fiye da santimita 2 zuwa 3.

Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke kula da daman jiki, na dama kuma ya kula da hagu. Saboda haka idan zafin yana hannun dama, a hagun kai za a ɗora naɗin. Likita ya kan yi ta gusa shi kaɗan kaɗan yana sakin bugu ɗaya ɗaya har ya ga babban yatsan marar lafiya ya zabura. Daga nan ya san ya sami wurin, ya kuma san ƙarfin da ya dace da wannan mutum. Sai ya rage ƙarfin ƙasa da haka kaɗan, ya riƙa sakin bugu a jere, sau da yawa kamar 10 a daƙiƙa ɗaya, yana yi yana hutawa, har na wajen minti 20. Marar lafiya ya kan ji kamar ana ƙwanƙwasa masa kai da ɗan yatsa. In an gama sai ya tashi ya tafi gida da ƙafarsa. A kan yi haka kullum na kwana 5 zuwa 10, daga baya a riƙa komowa jifa jifa.

ME YA SA ZAFIN YA KE RAGUWA?

Wani zai tambaya, me ya haɗa sashen motsi da jin zafi? Amsa ita ce sassan ƙwaƙwalwa a haɗe su ke kamar hanyoyin da ke tsakanin garuruwa. Sashen motsi yana sama inda na'urar ta ke iya kaiwa, daga gare shi kuma akwai hanyoyi zuwa can ciki, ga zangon da saƙon zafi ke yada zango kafin ya ƙarasa, da sassan da ke sa mutum ya ji ciwo ya dame shi, da kuma wuraren da ke aika umurni ƙasa a sakaya ƙofar nan ta laka. Zaburar da shi kamar aika manzo ne daga bakin gari zuwa fada.

Akwai shaida kuma cewa ɗakin maganin nan na cikin kai yana buɗewa. A 2011 masu bincike a Faransa suka ba da labarin gwajin da suka yi a kan mutane masu lafiya waɗanda suka yarda a gwada su. Sun tarar zaburar da sashen motsi yana sa mutum ya ƙara jure zafin sanyi mai tsanani, amma idan aka riga aka yi masa allurar da ke toshe aikin mofin a jiki, sai wannan juriya ta ragu sosai. Wannan ya nuna maganin da ƙwaƙwalwa ke yi da kanta yana da hannu a cikin sauƙin. Shi ya sa ma sauƙin ba ya zuwa nan take kamar na allura. Ya kan ɗauki kwana ɗaya ko fiye kafin ya bayyana, bayan zama ɗaya kuma ba ya wuce 'yan kwanaki.

ABIN DA GWAJI YA NUNA

Masana ba su yarda da magani don wani ya ce ya ji daɗinsa, domin sa rai kaɗai yana rage zafi, kamar yadda muka gani a maganar ƙofa. Abin da su ke yi shi ne su raba marasa lafiya kashi biyu, a yi wa waɗansu da na'urar gaske, waɗansu da ta jabu mai ƙara iri ɗaya, ba tare da sun san wadda aka yi musu da ita ba, sa'an nan a kwatanta.

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko da aka yi ta wannan hanya a nahiyarmu ta Afirka aka yi shi. A Jami'ar Asiyut ta ƙasar Masar, Farfesa Eman Khedr da abokan aikinta sun gwada mutum 48, waɗansu masu matsanancin zafin jijiyar fuska, waɗansu masu zafin bayan shanyewar ɓarin jiki. A sakamakon da suka buga a 2005, waɗanda aka yi wa da na'urar gaske kwana 5 a jere sun fi samun sauƙi, sauƙin kuma yana nan har bayan mako 2. A 2014, da kuma 2020, wani taron ƙwararru na ƙasashen Turai ya tattara gwaje-gwajen da aka yi, ya yanke cewa aikin yana da tabbataccen amfani ga zafin lalacewar jijiya. Wani gwaji a Faransa a kan mutum wajen 150, wanda aka buga a 2021, ya sami sauƙi matsakaici da ya ɗore watanni muddin ana maimaita zaman.

Sai dai wajibi ne in faɗa muku ɗaya gefen. Wani babban gwaji a Jafan da aka buga a 2020 bai sami bambancin da a ke nema ba tsakanin na'urar gaske da ta jabu. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitoci, ta duba al'amarin a 2018 ta ce sauƙin ƙarami ne, na ɗan lokaci, kuma da yawa daga cikin gwaje-gwajen ƙanana ne. A Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna ta amince da na'urar a 2008 domin ciwon damuwa mai tsanani wanda ya ƙi jin magani, a 2013 kuma ta amince da wata ƙarama domin wani nau'in ciwon ɓarin kai. A taƙaice, aikin yana rage zafi ga waɗansu, ba ya yi wa waɗansu kome, ba ya kuma gyara jijiyar da ta lalace. Amma ga wanda ya shekara bai yi barcin kirki ba, ko rage kashi ɗaya cikin uku na zafin ba ƙaramin abu ba ne.

WAƊANDA BAI KAMATA A YI MUSU BA

Abin da aka fi samu bayan zama shi ne ɗan ciwon kai ko tsamin fatar kai, wanda ya kan wuce da kansa. Haɗarin da ya fi girma shi ne bugun farfaɗiya, ko da ya ke ba safai ya ke faruwa ba idan an bi ƙa'ida. Don haka sai likita ya yi tambaya sosai kafin ya taɓa mai farfaɗiya, ko mai yawan shan giya, ko mai shan ƙwayoyin da ke jawo bugun, turamol kuwa yana cikinsu. Wanda ke da ƙarfe a cikin kai, kamar ɓarɓashin harsashi ko na'urar ji da aka dasa a kunne, ba a yi masa, wanda kuma aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya sai an yi shawara da likitan zuciya. Na'urar tana da tsada, tana bukatar wuta tsayayya da ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Aikin babban asibiti ne. Duk wanda ya zo muku ƙauye da akwati a bayan babur ya ce ita ce, ku sani ba ita ba ce.

ZOBEN KASUWA DA ƘWAYAR KASUWA

Yanzu mu komo ga mai zobe. Kun tuna sharaɗin Faraday, cewa sai ƙarfin maganaɗisu yana canzawa sa'an nan ya ke haifar da lantarki. Maganaɗisun zobe da munduwa da ɗamara da katifa a zaune ya ke, ba ya zaburar da jijiya ko ɗaya, ƙarfinsa kuma ya kan ƙare kusa da fata. Masu talla su kan ce yana jan ƙarfen da ke cikin jini. Ƙarfen jini ba ya cikin siffar da maganaɗisu ke ja, in da yana ja kuwa, da fatar da ke ƙarƙashin zoben ta yi ja. A 2007 masana a Ingila suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan irin waɗannan kaya, ba su sami shaidar cewa suna rage zafi fiye da na jabu ba. Wannan ciniki ma tsoho ne. A 1784 Sarkin Faransa ya naɗa kwamiti ya binciki wani likita mai suna Mesmer da ke da'awar warkarwa da ƙarfin maganaɗisu, kwamitin ya tarar tunanin marasa lafiya ne kawai ke aiki. Hasarar zobe ba ta tsaya ga kuɗi ba. Mai ciwon sukari da ya dogara gare shi wata shida yana iya rasa ƙafarsa.

Mai ƙwaya kuwa ya fi mai zobe ɓarna. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 4.6 a Nijeriya sun sha magunguna irin su turamol ba da umurnin likita ba a cikin shekara ɗaya. A watan Mayu na 2018 ne Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Da yawa daga cikin samarinmu sun fara ne don ciwon baya ko don su jure aikin gona. Idan mutum ya daɗe yana sha, ƙwaƙwalwa ta kan saba, adadin jiya ba zai isa yau ba, har a kai inda ƙwayar da kanta ta ke ƙara masa jin zafi, ban da farfaɗiya da ta kan jawo.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

Jama'a, ko da na'urar nan ba ta zo ƙofar gidanmu ba, ilmin da ta tabbatar ya zo, kuma za mu iya aiki da shi tun yau.

Na farko, mu yarda da mai ciwo. Idan rauni ya warke amma mai shi yana kukan zafi, kada a ce masa raki ne ko ƙyuya. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Haƙuri abu ne mai kyau, amma ɓoye ciwo ba ya cikin haƙuri, ina kuma faɗin wannan musamman ga iyayenmu mata waɗanda kunya ta kan hana su magana.

Na biyu, zafin da ya wuce wata 3, ko wanda ya zo da mutuwar gaɓa, ko rama, ko zazzaɓi, a kai shi asibiti. A fara da ɗakin shan magani mafi kusa, daga nan Babban Asibitin Kontagora, in ya cancanta su tura mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida, ko asibitocin koyarwa na Sakkwato, Zariya da Kano. A gaya wa likita yadda zafin ya ke, ko ƙuna ne, ko suka, ko zogi, domin akwai magunguna masu araha na musamman ga zafin jijiya, waɗanda ba a shan su sai da umurninsa.

Na uku, a tare ciwon tun daga tushe. A riƙa auna hawan jini da sukari, a kai duk wani tabo a fata wanda ba ya jin taɓi a duba, domin maganin kuturta kyauta ne, mai babur kuma ya sa hular kwano.

Na huɗu, a taimaki ƙwaƙwalwa ta sakaya ƙofarta. Isasshen barci, da motsa jiki daidai ƙarfi, da zama cikin mutane, duk suna rage zafi. Kada a bar marar lafiya shi kaɗai a ɗaki yana saƙe-saƙe.

Ranka ya daɗe, ina roƙon dagatai da masu unguwanni su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su sami zuwa ba, ma'aikatan lafiya kuma suna nan domin amsa tambayoyi bayan an tashi. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.  Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba ƙasarmu lafiya da zaman lafiya.